Kyandir a Hancin Harsashi

Ranar da Silas ya fara ganin Joylyn, tana zaune ne a kujerar matuƙin jirgin sama, ta miƙe ƙafafu, tana cin gwanda da cokali. Jirgin kuwa rabonsa da tashi tun Babban Yaƙi. Fiffikensa ɗaya na ƙasa, mangwaro ya girma ta tsakiyar ɗayan, kaji na saka ƙwai a wutsiyarsa.

"Sannu da aiki, matuƙiya," ya ce daga ƙasa. "Yaushe za mu tashi?"

Ta leƙo ta ƙare masa kallo. Dogon saurayi ne da riga a goge, kuma duk da cewa da ita yake magana, idonsa sai komawa ƙasa yake yi.

"Mun cika, sai ka jira na gobe," ta ce. "Me ka yar kake nema?"

"Ban yar da komai ba. Haka nake tafiya."

"To kuɗin shiga a bakin ƙofa ake biya, ba a tsinta a ƙasa."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ni da nake sayar da ɗanyar kwakwa a bakin ƙofar nan tun tana goye, na ɗaga kai, don na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Gidan tarihinmu na Verakoli ba gini ba ne. Fili ne da kakan Joylyn ya share, ya jawo duk abin da Amurkawa da Japanawa suka bari a dajinmu ya jera: jirage, igwa, hulunan ƙarfe masu huji, da wata tankar yaƙi da yara ke ɓuya a ciki. Baƙi na zuwa daga Honiara, babban birninmu, a bas, wasu su yi hoto, wasu tsofaffi su tsaya gaban ƙarfe su yi kuka. Joylyn ce ke zagayawa da su, tana maimaita jawabin da kakanta ya tsara, kalma ba ta sauyawa.

Ba ita ta zaɓi aikin ba. A nan tsibirin Guadalcanal ƙasa ta mata ce, daga uwa sai 'ya, kuma Mama Perpetua 'ya mace ɗaya Allah ya ba ta. Yayyen Joylyn maza duk sun watse, wani na tsinkar inabi a Ostareliya, wani na tuƙa tasi a birni, ba wanda ya ce musu don me. Ita kuwa da ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, sai ciwon suga ya cinye wa Mama ƙafa ɗaya. Aka ce ta jira shekara guda. Shekarar ta haifi 'yan'uwa, Joylyn na nan tana kallon bas na tafiya ba da ita ba.

Silas ya dawo Asabar ta gaba, da wadda ta biyo bayanta. A zuwa na uku ta tsare shi a gindin igwa.

"Malam mai kallon ƙasa, jawabina bai sauya ba. Me kake zuwa ji?"

"Ba jawabin nake zuwa ji ba."

Ta sunkuyar da kai, ta ce wai rana ce ta dame ta. Nan ya gaya mata aikinsa: ɗan sanda ne, a sashen masu kwance bama-baman da yaƙi ya bari a ƙasa. Tun da ya fara aikin bai ƙara taka wuri bai duba ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Matuƙiyata, na iso gida lafiya, amma na manta wani abu a jirginki. Idan kin ga wata zuciya a ƙarƙashin kujera, tawa ce. Ki ajiye, kada kaji su tsattsage ta."

Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa.

"Na gani. Duk ta yi tsatsa, na jera ta cikin kayan tarihi. Mai son gani sai ya biya kuɗin shiga."

Haka abin ya kankama. Yakan zo mata da burodi mai zafi daga birni, ita kuma ta ajiye masa alalen rogo da madarar kwakwa a naɗe cikin ganye. Sukan zauna a kan fiffiken jirgin, yana ba ta labarin tsibirinsu, tana tambayarsa yadda teku ke kasancewa idan ƙasa ta ɓace wa ido. Ba ta taɓa wuce Honiara ba.

Matsalar ita ce tsibirin nasu. Silas ɗan Malaita ne, kuma a gidan Mama Perpetua ba a ambaton Malaita a kan abinci. A lokacin rikicin da aka yi tsakaninmu da su, an harbe mahaifin Joylyn a kan hanyar birni, tana cikin ciki. Su Silas ma a rikicin aka ƙone musu gida a gonar kwakwar manja, uwarsa ta gudu da shi a hannu zuwa jirgin ruwa. Kowa da tabonsa, kuma kowa nasa yake gani.

"Yaron nan mai zuwa duk Asabar," in ji Mama wata rana, tana ɓare gwaza, "ɗan ina ne?"

"Ɗan sanda ne, Mama."

"Ba aikinsa na tambaya ba."

Joylyn ta faɗa. Mama ta ajiye wuƙar a hankali.

"Mijin mace a nan kan ƙasar matarsa yake zama. Kina nufin in tashi kowace safiya in ga ɗan Malaita yana wanke baki a tsakar gidana?"

"Jariri ne lokacin, Mama."

"Ke ma ai ko haihuwarki ba a yi ba, amma marainiya kika fito."

Kawu Benedito, yayan Mama, wanda shi ne bakin dangi a duk maganar ƙasa, yana da nasa ɗan takarar. Festus ne, mai bas ɗin da ke kawo baƙi, mutum mai tumbi da agogo mai walƙiya. Danginsu sun daɗe suna iƙirarin cewa rabin filin nan nasu ne, Kawu kuma ya lissafa cewa aure zai kashe shari'ar. Festus kan sauke baƙi ya jingina da bas yana tauna bilnat, goron namu mai rina baki ja, yana kiran Joylyn uwar gida tun ba a je ko'ina ba.

"Uwar gida, ina ɗan sandanki? Ko ya ga gwangwanin kifi a hanya ya tsaya kwance shi?"

"Ka goge bakinka, Festus," takan ce. "Baƙi za su zaci ka ci wani."

Wata Asabar da Mama ta tafi asibiti wankin ƙafa, Joylyn ta kama hannun Silas.

"Zo in kai ka wurin wadda ba za ta kore ka ba."

Bayan tankar yaƙi, inda baƙi ba sa zuwa, akwai kabarin kakarta, Sesilia. Wannan kabari shi ne hujjar dangi. Duk lokacin da aka je gaban dattawa kan filin, shi ake nunawa a ce ga uwarmu kwance, wa ya isa ya ce ba ƙasarta ba ce. Da ta rasu, mijinta ya nemo abin da ya fi daraja a wurinsa ya ƙawata mata makwanci: manyan harsasan igwa guda huɗu, ya kafa ɗaya a kowace kusurwa, hanci sama, ya shafa musu farin fenti.

"Kaka, ga Silas," in ji Joylyn. "Kada ki duba inda ya fito, ki duba..."

Ba ta ƙarasa ba, don ya matse mata hannu har ta ji zafi.

"Tsaya nan. Kada ki ƙara taku ɗaya."

Ya durƙusa daga nesa, ya daɗe yana kallo. A kan hancin kowane harsashi akwai daskararren kakin kyandir, sabo kan tsoho, ya gangaro ta gefe.

"Wa ke kunna kyandir a nan?"

"Mama mana. Duk ranar tunawa da matattu. Mu share ciyawa mu ƙone ta a can gefe, ita kuma ta liƙa kyandir a kan kowanne. Wurin ya yi daidai da gindin kyandir kamar don shi aka yi."

Silas ya goge fuska da tafin hannu.

"Matuƙiya, na cikin fili da kuke nuna wa baƙi ƙwanso ne, tuni na duba su. Waɗannan ba ƙwanso ba ne. Cike suke, kuma abin da ke tayar da su yana nan a hancin da kuke liƙa wa wuta."

"Shekara da shekaru fa suna nan."

"Shi ya sa. Tsufa ba ya kashe su, fushi yake ƙara musu."

Kowace yamma Mama na dogara sanda ta zo nan, ta zauna a kan kututture ta jingina da harsashin da ke wajen kan Kaka, tana jan carbinta. Ranar tunawa da matattu kuma ta kusa.

"Dole in kai rahoto," ya ce.

"Idan ka kai, mun rabu ke nan. Ɗan Malaita ya kawo 'yan sanda su tone kabarin uwarmu? Ko sunanka ba za a sake bari in faɗa ba. Kuma in aka cire alamar, su Festus za su ce ba kabari ba ne, juji ne na sojoji. Ka bar ni in yi wa Kawu magana tukuna, maganar ta fito daga gida. Don Allah, Silas."

Ya san bai kamata ba. Ya dubi harsasan, ya dube ta, kuma abin da so ke sa mai hankali ya yi, shi ya yi.

"Zan jira. Amma ba wuta, ba mai taɓawa, kuma ki hana Mama zuwa. Idan ranar ta zo ba a yi komai ba, zan faɗa ko da za ki tsane ni."

Ta sami Kawu Benedito a rumfarsa yana gyaran raga. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya tofar da jan yawu.

"Ubana da ya ga yaƙin da idonsa bai san harsashi ba, sai yaron da aka haifa jiya? Dabara ce. Yau su ce bam, gobe su kawo igiya su auna fili. Haka suka shigo mana wancan karon, da sallama."

"Kawu, ran Mama ne."

"Baƙo ba ya taɓa kabarin uwata. Na gama."

Hana Mama zuwa kuwa ya fi hana ruwa gangara wuya. Joylyn ta ɓoye sandar, Mama ta dogara da muciya. Ta ce akwai maciji a wurin, Mama ta ce macijin ya san ta. Da ta faɗi gaskiya, Mama ta dube ta da wani irin sanyi.

"Shi ya ce miki? Sun raba ni da mijina, yanzu kuma uwata ce ba zan zauna kusa da ita ba?"

Daga ranar, duk yamma Joylyn kan bi ta, ta zauna a gefenta. Ta ce a ranta in abin zai tashi, ya tashi da su biyu. Tana kallon bayan Mama manne da farin ƙarfen, tana jin kowane tari nata har cikin ƙashi. Gaba ba hanya, baya ba hanya: ta yi magana ta rasa Silas da filin, ta yi shiru ta rasa uwa. Ta rame har baƙi na tambayata ko jagorar ba ta da lafiya.

Da dare saƙonsa ya shigo: "Matuƙiyata, kin ci abinci? Ni na kasa. Duk ƙarar da na ji daga yamma sai gabana ya faɗi."

"Na ci. Ƙarya nake, ban ci ba. Ka ƙara mini haƙuri kaɗan, mai kallon ƙasa. Ina ji kamar an rufe ni cikin tankar nan an walde ƙofa."

Ana haka, ranar wata Talata da hantsi, sai ga motar 'yan sanda. Suka zagaye kabarin da jan kirtani, suka rufe ƙofar gidan tarihin, suka ce ba baƙo ba ɗan gida har sai an kwashe. Kafin azahar samarin gari sun tare hanya da adduna, Kawu a gabansu, suna cewa duk wanda ya sa hannu a kabarin sai dai ya bi ta kansu. 'Yan sandan ba su ja ba, don sun san abin da taɓa kabari ba da yardar masu ƙasa ba ke haifarwa. Suka kafa tanti a bakin hanya, kowa ya zuba wa kowa ido.

Silas ba ya cikinsu, kuma wannan ya ishi kowa hujja.

"Ga shi nan," in ji Mama. "Ya jefa dutse ya ɓoye hannu."

Joylyn ta shige jirginta, ta rubuta masa saƙo.

"Ka ce za ka jira. Ko fuskarka ba ka iya kawowa ba. Ka zo ka ɗauki zuciyarka, na fitar da ita daga kayan tarihi."

Amsa ta zo nan take: "Ba ni ba ne. Ki ɗauki waya in yi miki bayani." Ya kira, ya sake kira. Ta kashe wayar ta cusa ta ƙarƙashin kujera.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Bas ya daina tsayawa, kwakwata ta bushe a tire. Mama kan zauna a bakin jan kirtanin da kyandirori huɗu a cinya, tana cewa ranar na zuwa za ta tsallaka, wanda zai harbe ta ya harbe ta. Festus kuwa kullum yana rumfar Kawu, yana cewa idan an ɗaura aure shi zai san yadda zai yi da hukuma.

Ni ce na kai wa 'yan sandan ruwan kwakwa, don ƙishirwa ba ta san rikici ba, na kuma ja Joylyn ta riƙe mini tire. Sajan ɗinsu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya dube ta.

"Ke ce Joylyn? Ke ce kika jawo wa yarona dakatarwa."

"Dakatarwa?"

"Da aka bugo mana waya, na tara yara na ce wa ya san wurin. Sai ya miƙe ya ce ya sani, ya gani da idonsa, ya yi shiru saboda ya yi alkawari. Da ya rufe bakinsa ba wanda zai sani. Na karɓe kakinsa na ce ya je gida ya yi tunani."

"To wa ya bugo?"

"Bai faɗi suna ba. Amma ina jin kwandasta a bayansa yana kiran fasinjan birni."

Tiren ya karkace, na tare shi. Kawu ne ya ba Festus labarin a matsayin abin dariya, Festus kuma ya ga hanyar jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Joylyn ta koma jirgi ta lalubo wayar.

"Mai kallon ƙasa, na zalunce ka. Zuciyarka na nan, ban fitar ba, ƙarya na yi. Ka yafe wa matuƙiyar da ba ta san hanya ba."

"Na yafe tun kafin ki tambaya. Ina Mama? Kada ki bari ta tsallaka."

Ana jibi ranar tunawa da matattu, dattawa suka taru a rumfar coci. A irin wannan zama maza ke magana, mata na baya a kan tabarma, ko da yake ƙasar tasu ce. Kawu ya yi jawabi, Festus ya yi. Sai aka ga Joylyn ta miƙe.

"Kawu, ka gafarce ni. Kai ne bakinmu, amma ƙasar daga Kaka ta zo wa Mama, daga Mama kuma ni za ta zo wa. Saboda ita aka ce kada in je makaranta, ban je ba. Saboda ita aka zaɓa mini miji. In har tawa ce da zan zauna a kanta kamar an ɗaure ni, to tawa ce da zan yi magana a kanta. Na yarda a cire ƙarafan nan."



"Idan an cire, da me za mu nuna kabarin?" in ji Kawu.

"Idan harsashin ya tashi da Mama, kabari biyu za ku nuna, in an sami abin binnewa." Ta juya. "Festus, kai da ka bugo wa 'yan sanda, ai ka yarda akwai haɗari. Ko ba haka ba?"

Kawu ya yi wa Festus kallon da ya sa ya tuna yana da fasinja a birni.

"Ko na yarda," in ji Kawu can, "baƙo ba ya taɓa kabarin uwata."

"To kada ya zo a baƙo," in ji Joylyn.

Washegari da safe Silas da danginsa suka iso. Mahaifin Silas, dattijo Jared Maefai, ya hawo jirgin ruwa daga Malaita, karo na farko da ya tako Guadalcanal tun da aka kore shi. Suka tara chupu a tsakar fili yadda al'adarmu ta ce mai neman afuwa ya yi: tulin gwaza da ayaba da rake, alade a ɗaure, damin bilnat. A kai dattijon ya shimfiɗa igiyoyin jan wuri irin na mutanensu. Bai dubi Kawu ba, gaban Mama ya je ya tsuguna.

"'Yar'uwa, ban san wanda ya harbe mijinki ba, ke ma ba ki san wanda ya ƙone gidana ba. Ban zo da wannan ba. Na zo roƙon uwarki ta bar ɗana ya taɓa makwancinta."

Mama ta kawar da kai, kyandirorinta a hannu. Kawu ya daɗe tsaye, sannan ya sunkuya ya ɗauki bilnat ɗaya daga tulin ya fasa da haƙori. A wurinmu an karɓa ke nan.

Sajan ya miƙa wa Silas kakinsa. Aka kwashe mu duka zuwa bakin teku, sai su kaɗai a ciki. Daga inda muke muna hango shi ta tsakanin bishiyoyi. Ya cire takalmi kafin ya shiga, ya durƙusa ya yi wa Kaka sallama, sannan ya fara tone ƙasa da yatsu. Joylyn ta riƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ɗaya bayan ɗaya ya ciro su, yana rungume kowanne a ƙirji kamar jariri mai barci, yana taku a hankali zuwa motar da aka cika da yashi. Bai ɗaga kai ba sai da ya ajiye na ƙarshe.

Suka tafi da su can bayan tsauni, inda ba gida ba gona. Muka koma fili, Mama ta zauna a kututturenta tana kallon ramuka huɗu, tana gunaguni cewa an tsiraita uwarta saboda tsoron banza.

Da la'asar ƙarar ta zo. Ƙasa ta motsa ƙarƙashinmu, tsuntsaye suka tashi daga dajin gaba ɗaya, kwanon rufin coci ya amsa, wani ɓallen tsatsa ya faɗo daga fiffiken jirgi. Bayan tsauni fa, inda mai tafiya da ƙafa sai ya yini.

Kyandirorin suka zube daga cinyar Mama. Ta kai hannu baya ta shafa kafaɗarta, daidai inda take jinginawa. Sannan ta dubi Joylyn.

"Kin san haka ne, kike zuwa ki zauna kusa da ni?"

"Ina zan bar ki ke kaɗai, Mama?"

Mama Perpetua da ba a ga hawayenta ba tun ranar da aka kawo gawar mijinta, ta rufe fuska da zane. Muka bar su.

Da motar ta dawo, Silas ya tsaya daga bakin ƙofa, duk jikinsa ƙura, bai san ko an yarda ya shigo ba. Mama ta aika a kira shi. A gabanta akwai dashe huɗu na jan ganyen nan da muke kafa iyakar gona da shi, wanda ba ya mutuwa ko an sare shi.

"Kai, ɗan Malaita. Kai ka tone ramukan nan?"

"Ni ne, Mama."

"A garinku in mutum ya tona rami barinsa yake a buɗe?" Ta tura masa dashen da sandarta. "Shuka."

Kawu ya yi gyaran murya. "Perpetua, kin san ba mai shuka a kabari sai ɗan gida."

"Na sani, Yaya. Ciwon a ƙafa yake, ba a kai ba."

Silas ya durƙusa ya shuka, hawaye na ɗiga a kan hannunsa, Joylyn na bi da ruwa a ƙoƙon kwakwa.

"Ke kuma," in ji Mama, ba ta dube ta ba, "na kafa ki a nan na shafa miki fenti kamar ƙarafan babana. Idan makarantar nan na karɓar tsofaffi, ki je. Kawunki ya haddace jawabin tun kafin a haife ki, ya motsa ƙafa ya rage tumbi."

An ɗaura auren bayan Kirsimeti a cocinmu. Mutanen Malaita suka cika jirgin ruwa da masu busa sarewar gora, namu suka gasa alade da rogo a ramin duwatsu, aka yi rawa har tsakanin igwa da tanka. Festus bai zo ba, amma bas ɗinsa ya yi jigilar baƙi, kuma ya caji kowa cikakken kuɗi.

Mama ta dafa kawunansu biyu, dattijo Jared na gefenta.

"Allah ya ba ku zaman lafiyar da mu ba mu samu ba. Ya ba ku 'ya'ya mata su gaji ƙasa, da maza su taya su, kada kuma ku ɗaure ko ɗaya a kanta. Duk abin da aka binne tun kafin a haife ku, Allah ya sa kada ya tashi da ku."

Muka ce amin, har da Kawu.

Ranar Litinin ta farko da aka buɗe makaranta, ina jera kwakwata suka fito, ita da farar riga da jaka, shi da kaki. Bas ya tsaya. Ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta waiwayo ta dubi jirgin, da jan ganyen da ya fara toho a bayan tanka, da Mama a bakin ƙofa tana korar ta da sanda.

"Matuƙiya," in ji Silas, "yaushe za mu tashi?"

"Yanzu," ta ce. "Ɗaga kanka ka hau, na duba maka ƙasar."